Daga Sarkin Magina Zuwa Takardar Izini: Tarihin Sa Ido Kan Gine-Gine a Biranen Hausa da Sawun da Ya Bari a Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin bayan badala a Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, zai ci karo da bangaye masu ɗauke da alamar jan fenti, wani lokaci haɗe da 'yan kalmomin Ingilishi da ke umartar mai gini ya dakata. Sau da yawa ginin da aka shafa wa wannan alama yakan ci gaba har a tare a cikinsa, fentin yana nan bai goge ba. Jami'in da ya shafa ya sauke nauyin ofishinsa, mai gida kuwa ya ɗauki alamar a matsayin kiran ya zo a daidaita. Ba kasafai ɗayansu ke tuna cewa asalin wannan aiki shi ne kare ran wanda zai kwana a ƙarƙashin rufin ba.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka iso wannan hali. Abin da take son tabbatarwa shi ne, biranen Hausa sun daɗe da nasu tsarin sa ido kan gini, wanda ya tsaya a kan shugabancin sana'a da kuma shari'ar haƙƙin maƙwabci. Takardar izini ta zo ne tare da Turawa, da wata manufa dabam, cikin wani harshe dabam, kuma a wajen ganuwa aka fara aiki da ita. Da kayan gini suka sauya daga ƙasa zuwa siminti, sai tsohon tsarin ya rasa iko, alhali sabon bai kama ƙasa ba. Za a kawo misalai daga Kano da Zariya, sannan a leƙa Legas a wuraren da dokokin suka samo tushe daga can. A ƙarshe za a duba kalmomin da Hausa ta ara da waɗanda ta ƙirƙira a wannan fage, domin su ma shaidu ne na tarihin.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

2.1 Magina da Shugabancinsu

Gini a birnin Hausa tsohuwar sana'a ce. Tarihin Kano ya danganta soma ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu (1095–1134), an kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da ƙwararru da kuma wanda zai tsawata musu. Kamar yadda maƙera da mahauta da marina ke da sarakunansu, haka magina ke da Sarkin Magina. Shi ke tara su in aikin fada ya taso, shi ke raba gardama tsakanin magini da mai gida, kuma shi ake tambaya in an rasa wanda ya cancanci wani babban aiki.

Sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya shekara da shekaru kafin a yarda ya ɗora bango shi kaɗai, sannan a daɗe kafin a sakar masa rufin soro. Matakin ƙarshe shi ne na gwani, wanda ya iya tayar da bakan gizo da ɗaurin guga. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), kuma har yau akwai unguwa mai sunan Babban Gwani a birnin. A irin wannan tsari suna shi ne lasin. Maginin da soronsa ya rufta ya zubar da mutuncin gidansu gaba ɗaya, kuma labari ba ya ɓuya a cikin birni.

Kayan aikin su ma sun ɗora wa magini iyaka. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ƙetare fiye da kusan ƙafa 6 ba tare da an tallafe ta ba, don haka faɗin ɗaki na ƙayyade tun kafin a fara. Bango kan yi kauri daga ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa. Ana yin gini da rani, a yi yaɓe kafin damina, a shafe da makuba ko laso, a gyara indararo. Ginin ƙasa na faɗuwa, musamman a ruwan Agusta, kuma yana kisa. Sai dai yakan yi gargaɗi: bango ya tsage, azara ta lanƙwasa, rufi ya fara yoyo. Mai gida da maƙwabcinsa da mai wucewa duk suna iya karanta waɗannan alamu da idonsu.

2.2 Shari'a da Haƙƙin Maƙwabci

Wanda ke son fili a birni yakan bi ta hannun mai unguwa, a nuna masa wuri a gaban shaidu, ya yi gaisuwa, ya kafa. Ba a neman ya kawo zanen abin da zai gina. An sakar masa hannu a cikin haraba tasa, da sharaɗin kada ya cuci kowa. In ya cuta, maƙwabci ya kai ƙara wurin mai unguwa, in abin ya faskara a tafi gaban alƙali.

Alƙalan kuwa suna da abin dogaro a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Ta bayyana cewa in an yi jayayya kan bango, ana duba ɓangaren da ɗaurin ginin ya kama. Ta kuma ɗora gyaran ƙasan bene a kan mai ƙasan, har a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Muhtasar na Halil ya ƙara da rushe ginin da ya ci hanya ko da bai takura kowa ba, da hana hayaƙi da wari irin na majema su dami maƙwabta. Akwai kuma hadisin da ya ƙayyade faɗin hanya da zira'i 7 idan aka yi saɓani a kansa.

Malaman Daular Sakkwato sun ci gaba da wannan layi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan hukuncin raya matacciyar ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a da gina garuruwa masu ganuwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi, shi kuma Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara hukunce-hukuncen da alƙalai suka fi bukata, ciki har da na gini da maƙwabtaka.

Abin lura a nan shi ne, kowane maƙwabci mai duba gini ne, domin haƙƙinsa ne ake karewa, kuma ya san kalmomin da zai yi ƙara da su: ya ci mini iyaka, ya sako mini indararo, yana leƙa mini gida, ya toshe lungu. Tsarin na da rauninsa. Yana jira sai cuta ta bayyana, kuma mai ƙarfi a fada kan iya danne talaka. Duk da haka dokar tana bakin mutane, cikin harshensu.

3.0 Zamanin Mulkin Turawa

3.1 Dokar Garuruwa ta 1917

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, galibi daga Kudu. Bisa manufar mulki ta hannun sarakuna, an bar cikin birni ga Sarki da alƙalansa. Sababbin ƙa'idojin gini sun sauka ne a waje.

Tushensu shi ne tsoron cuta. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka kuma suka ɗauka cewa hanyar kare Bature ita ce nisanta shi daga 'yan ƙasa. Dokar bariki ta 1904 a Arewa ta soma wannan rabo, sannan Dokar Garuruwa ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, ta shimfiɗa shi a duk Nijeriya. Ta kasa garuruwa aji uku. Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, Kano da Zariya da Kaduna suna aji na biyu, a ƙarƙashin wani jami'in Bature da Hausawa ke kira Joji. An tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A cikin iyakar da dokar ta shafa, an yanka fulotai a jere, an fitar da tituna miƙaƙƙu da 'yan lunguna a baya domin masu kwasar bayan gida, an kuma wajabta neman izini kafin a gina. Awon fuloti na ƙafa 50 a 100, wanda har yau shi ne ma'aunin dillalai, gadon irin wannan yanka ne.

A ɓangaren mallaka kuwa, dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, daga nan ne takardar shaidar mallaka ta samo asali. Ke nan tun farko Bahaushen cikin birni ya san izinin gini a matsayin abin bariki, abin da ya shafi Turawa da Kwara da mutanen Sabon Gari.

3.2 Duba-gari

Jami'in da ya fara kai sabon tsari ƙofar gidan talaka shi ne ma'aikacin tsafta. An buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932, En'e ta riƙa ɗaukarsu aiki. Suna leƙa randa don neman ƙwayayen sauro, su duba masai da kwata da kududdufi, su kai mai laifi kotu a ci shi tara. Hausawa suka raɗa musu suna duba-gari, kamar yadda Yarabawa suka kira nasu wolewole, wato mai shiga gida-gida. A al'ummar da baƙo namiji ba ya wuce zaure, zuwan mai kaki da niyyar leƙa cikin gida babban al'amari ne. An ji tsoron duba-gari ƙwarai, kuma aikinsa ya rage ƙazanta. Amma darasin da jama'a suka ɗauka shi ne, mai duba gida daga hukuma mutum ne da ake ɓoye wa abu, ko a lallaɓa shi da ɗan goro ya wuce. Wannan fahimta ita ce jami'in duba gini ya gada daga baya.

3.3 Daga Annobar Legas Zuwa Dokar 1946

A Legas ma cuta ce ta haifi hukuma. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1924, ta sa aka kafa hukumar raya birnin a 1928, wadda ta fara aiki da rushe unguwanni masu cunkoso. A 1946 aka yi Dokar Tsara Birane da Karkara domin ƙasa baki ɗaya, an kwaikwayo ta daga dokar Ingila ta 1932. Ta ba da ikon a ayyana wani yanki a matsayin yankin tsari, a kafa masa hukuma, a hana kowa gini a cikinsa sai da yardarta. Wannan doka ta yi shekara 46 tana aiki. A ƙarƙashin inuwarta aka yi tsarin Trevallion na raya Kano na shekara 20 (1963–1983), da na Max Lock domin Kaduna a 1967. Da Ingilishi aka rubuta su duka, domin jami'ai.

4.0 Bayan Samun Mulkin Kai

4.1 Zuwan Siminti

Babban sauyin da ya girgiza tsohon tsari daga kayan gini ya fito. Masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa kowa ya so gidan bulo da kwano, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas. Birkila ya maye gurbin magini. Shi kuwa birkila ba ya ƙarƙashin Sarkin Magina, ba lallai ya gaji sana'ar ba, kuma yana iya barin gari gobe.

Kankare ya bambanta da ƙasa ta wata fuska mai hatsari: yana ɓoye aibinsa. Ƙarfinsa ya dogara ga yawan siminti a kan yashi da tsakuwa, da yawan ruwan kwaɓi, da kaurin rodi da yadda aka ɗaure shi, da ba shi ruwa bayan an zuba, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Da zarar an yi filasta an shafa fenti, ba idon da zai gane ko an rage rodi, ko an buga bulo fiye da kima daga buhu ɗaya. Maƙwabcin da a da yake gane bangon da zai faɗi ya zama ɗan kallo. Saboda haka ne duba gini mataki-mataki, tun daga haƙa harsashi har zuba dakin bene, ya zama wajibi, domin in an wuce mataki ba a sake ganinsa.

4.2 Dokar Ƙasa ta 1978 da Awon Igiya

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Ranar 29 ga Maris 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, ta kuma sa filayen birane kai tsaye a hannunsa. Hukumomin tsara birane kan nemi shaidar mallaka kafin su amince da zanen gini. Samun fulotin gwamnati kuwa ya fi sauƙi ga mai hanya, ga jama'a na ta kwararowa birni. Sai masu gonakin gefen gari suka shiga yanka su da kansu, ana awo da igiya, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a takardar ciniki. Haka sassa masu yawa na unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi suka tashi a Kano, aka kira irin wannan yanka awon igiya.

Mai fili a awon igiya yana tsakanin tsari biyu. Ya bi ta hannun mai unguwa kamar kakanninsa, amma mai unguwa ba shi da ikon hana shi ɗora bene a kan harsashin da bai isa ba. Hukumar da ke da ikon kuwa ba ta san da zamansa a takarda ba. Sakamakon shi ne lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, da gidaje a kan hanyar ruwa, da masai kusa da rijiya.

4.3 Dokar 1992 da Kundin 2006

A wannan tsakani an kafa majalisun rajistar ƙwararru: ta masu zanen gini a 1969, ta injiniyoyi a 1970, ta masu tsara birane a 1988, ta magina na zamani a 1989. Dokar Soja mai lamba 88 ta 1992 ta maye gurbin ta 1946. Ta tanadi hukumar tsari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kowacce da sashen kula da gine-gine mai ikon ba da izini, da umartar a dakatar da aiki, da ba da sanarwar rushewa. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane a cikin jiha haƙƙin jihar ne. A 2006 aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa, wanda ya fayyace aikin kowane ƙwararre, ya kuma tanadi takardun da za a sa wa hannu a kowane matakin gini. Bisa hukuncin 2003, ƙarfinsa a kowace jiha ya rataya ga dokar da jihar ta yi. Shi ma da Ingilishi ya fito, mai cike da kalmomin injiniyoyi, alhali waɗanda ke kwaɓa kankare da ɗaure rodi a biranen Arewa da Hausa suke aiki.

5.0 Abin da Giɓin Ya Jawo

Ranar 12 ga Satumba 2014 masaukin baƙi na wani coci a Ikotun, Legas, ya rufta ana cikin ƙara masa hawa, mutum fiye da 100 suka mutu, binciken kotu kuma ya gano ba a sami izinin ginin ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya zube, ya kashe fiye da mutum 40, jami'an jihar suka ce hawa 15 aka amince. A Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut a Kano ya faɗa wa 'yan kasuwar waya. Ranar 12 ga Yuli 2024 wata makaranta a Jos ta rufta wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

Misalan Legas biyun sun nuna fuskoki biyu na matsalar. A ɗaya ba a nemi izini ba, a ɗayan an nema an samu, aka gina abin da ya zarce shi. Takarda ita kaɗai ba ta riƙe bene. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa a nan ita ce tazarar da ke tsakanin ranar da aka buga hatimi a ofis da ranar da aka zuba kankare ba mai kallo.

Fuskar doka da jama'a suka fi gani ita ce ta katafila. An yi gagarumin rushe-rushe a Abuja tsakanin 2003 da 2007 da sunan maido da tsarin birnin, an kuma yi a Kano a watan Yuni na 2023 kan gine-ginen da gwamnati ta ce an yi a filayen jama'a. Ko mene ne hujjar kowane ɓangare, abin da talaka ya koya shi ne cewa izinin da wata gwamnati ta bayar wata na iya sokewa, wannan kuwa ya ƙara rage darajar takardar a idonsa.

6.0 Sawun Tarihin a Cikin Harshe

Idan aka jera kalmomin wannan fage za a ga sun kasu rukuni huɗu.

(a) Kalmomin tsohuwar sana'a, waɗanda suka yalwata har kowane sashe na gini na da sunansa: tubali, azara, soro, zaure, shigifa, dakali, indararo, zanko, makuba, katsi, laso, bakan gizo, ɗaurin guga. Har gwani, wadda aka aro daga Barebari, ta daɗe da zama 'yar gida.

(b) Kalmomin shari'a daga Larabci: haƙƙi, izini, mallaka, shaida, alƙali, hukunci. Sun shiga bakin kowa, malami da jahili.

(c) Kalmomin kaya da ma'aikata daga Ingilishi: siminti, bulo, rodi, kankare, filasta, fenti, fuloti, birkila, kafinta, lebura, injiniya, safiyo. An are su da wuri, an daidaita su da tsarin sautin Hausa ta hanyar raba baƙaƙe da wasali, wasu har sun sami jam'i irin na Hausa, kamar fulotai da birkiloli da leburori.

(d) Kalmomin da Hausawa suka ƙirƙira domin ɓangaren hukuma: duba-gari, awon igiya, jan fenti, rusau.

Rukuni na (c) ya nuna cewa harshe bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen karɓar abin da ake taɓawa da hannu. Abin da bai samu tsayayyun sunaye da kowa ya sani ba shi ne ƙa'idojin da ke tafiya da kayan: nisan da za a bari tsakanin gini da titi, gwajin ƙasa kafin haƙa harsashi, nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, takardar da ke tabbatar da cewa gini ya dace a zauna a ciki. An karɓi siminti, an bar sharuɗɗansa a cikin Ingilishi.

Rukuni na (d) kuwa ya nuna inda mai magana ke tsaye. Duba-gari harɗaɗɗen suna ne na aikatau da karɓau, kuma yana siffanta mutumin da ya zo daga waje yana leƙe. Rusau na cikin sunayen da ke ƙarewa da -au, masu nuna wanda aiki ya zama ɗabi'arsa. Awon igiya suna ne da mutane suka ba abin da suke yi da kansu a bayan idon hukuma. Babu ko ɗaya daga cikinsu mai ɗauke da ma'anar kariya ko haƙƙi, irin wadda kalmomin rukuni na (b) ke ɗauke da ita. Mai ƙara a gaban alƙali yana cewa haƙƙina, mai zuwa ofishin tsara birane yana cewa kuɗinsu.

Masana harshe sun taɓa yin irin aikin da ake bukata a wasu fannoni. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, sannan a 1991 aka buga jerin kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci. Fannin gini na bukatar makamancin wannan, amma ya kamata a fara daga wurin aiki. Birkila na cewa a ba gini ruwa, yana cewa kwaɓi ya yi ruwa-ruwa, ko bulo bai ƙoshi ba. A tattara irin waɗannan tukuna, sannan a cike giɓi da ƙirƙira irin su tazarar titi, gwajin ƙasa, umarnin dakatarwa da shaidar kammalawa, a gwada su a bakin masu sana'ar kafin a buga.

7.0 Kammalawa

An ga yadda sa ido kan gini a biranen Hausa ya taso daga hannun Sarkin Magina da alƙali da maƙwabci, ya koma hannun Joji da duba-gari a wajen ganuwa, daga bisani ya zama aikin hukumomin jiha masu aiki da dokokin 1946 da 1992 da kundin 2006. An kuma ga cewa kankare ya ƙwace wa maƙwabci ikon gane aibi da ido, ya mai da duban ƙwararre abin da ba makawa, a daidai lokacin da jama'a ke kallon mai duban a matsayin mai karɓar tara. Ba za a koma zamanin azara ba, kuma fassara kaɗai ba za ta hana cin hanci ko ta ƙara yawan injiniyoyi a ofis ba. Amma ƙa'idar hana cutar da maƙwabci, wadda Hausawa suka sani tun daga Risala, ita ce dai ƙa'idar da ke ƙarƙashin kowane sashe na kundin gini na zamani. Idan aka fassara muhimman sassan kundin zuwa Hausa da sauran harsunan Nijeriya, aka karanta su a rediyo da tarukan ƙungiyoyin birkiloli, aka kuma liƙa takardar izini a bakin kowane gini cikin harshen da masu unguwa ke karantawa, maƙwabci zai iya ƙirga hawa ya kwatanta da abin da aka amince, ya kai ƙara tun kafin a zuba dakin da ya wuce ƙa'ida. Samar da kalmomin da zai yi wannan ƙara da su aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu.